Alhaji Babaji Mai Gas na Ƙofar Guga da Alkawarin da Ya Ɗauka

Haihuwa da asali

An haifi Alhaji Babaji Ado, wanda mutanen Katsina suka fi sani da Babaji Mai Gas, a shekara ta 1952, a unguwar Ƙofar Guga cikin birnin Katsina. Mahaifinsa shi ne Malam Ado Maƙeri, mahaifiyarsa kuwa Mairo, ɗiyar wani majemi ce na cikin gari. Sunansa na yanka Usman, sunan kakansa na wajen uba, don haka aka sakaya ana ce masa Babaji, tunda babu matar da za ta buɗe baki ta kama sunan surukinta a tsakar gida. Shi ne na uku a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

Gidansu gidan maƙeran baƙi ne tun kaka da kakanni, masu ƙera fartanya da garma da lauje da gatari. To, abin da ya kamata mai karatu ya sani tun daga nan shi ne, maƙera sun yi imani wuta ba ta cin ɗan gidansu. Ran bikin wani nasu, in makaɗa suka ɗauko kirarin gidan, sai ka ga dattijo ya zaro ƙarfen da ya yi jajir daga cikin garwashi, ya shafa a damtse yana murmushi. Babaji ya tashi yana ganin haka da idonsa, an kuma ba shi abin da ake ba 'ya'yan gidan ya sha tun yana goye.

Karatu da zaman maƙera

An sa shi makarantar allo yana da shekara biyar, a zauren wani malami maƙwabcinsu. A shekara ta 1960 aka kai shi firamare, inda ya yi aji huɗu, ya iya karatu da rubutu da lissafi daidai gwargwado. Daga nan mahaifinsa ya ce bokon ya isa haka, zuga-zugi na jiran mai hura shi. Ya zauna a maƙera har ya zama saurayi, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun ce hannunsa na da kyau a lauje, sai dai idonsa kullum yana kan titi, inda manyan motoci ke wucewa zuwa Jibiya da Maraɗi.

Koyon aikin gas

A shekara ta 1970 wani mutumin Bukuru mai suna Gideon Dalyop ya buɗe rumfar walda a bayan ganuwa, kusa da Ƙofar Guga. Ya koyi aikin ne a wurin haƙar kuza, ya zo Katsina da matarsa Naomi da tukwanen gas biyu a bayan akori-kura. Ranar da Babaji ya ga mutumin nan ya raba shasin mota gida biyu da ɗan harshen wuta shuɗi wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, aikin da zai ci maƙera wuni guda da kurfi da guduma, ai bai ƙara samun natsuwa a gaban uwar maƙera ba. Malam Ado ya yi ta jan rai, daga baya ya kama hannunsa ya kai shi da kansa.

"Ga shi nan, Gidiyon," in ji shi. "Ba sai ka koya mashi tsoron wuta ba, ɗan gado ne."

Gideon ya yi dariya ya ce, "Baba, wutar da ke cikin tukunyar nan daga Ikko aka kawo ta. Ba ta san kakansa ba."

Aka yi dariya aka tashi, kowa ya ɗauka raha ce.

A wurin Gideon ya koyi cewa ba wutar ce ke yanka ƙarfe ba. Wuta tana gasa bakin ƙarfen ne kawai har ya yi ja, sannan a danna hannun iskar oksijin, ita ce ke cinye shi ta wuce. Ya koyi kunna gas tukuna kafin a saki iska a hankali, har harshen ya bar hayaƙi ya tsaya shuɗi tsaf. Ya koyi tsayar da tukwane a inuwa, a ɗaure su da sarƙa kada su faɗi, da gwada tiyo da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan yake yoyo. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne barin mai. Kun san ɗan maƙera, duk ƙarfen da ya cije sai ya ɗiga masa mai. To bakin tukunyar oksijin in ya haɗu da mai ko giris, da kansa yake kamawa ba tare da ashana ba. Gideon ya sha buge masa hannu a kan wannan kafin ya daina.

Hatsarin gangar fetur

A shekara ta 1976, wata mai tuyar ƙosai ta aiko da tsohuwar gangar fetur a raba mata biyu. Dokar rumfar ita ce, duk abin da ya taɓa ɗaukar mai ba a sa masa wuta sai an buɗe shi, an wanke, an cika shi da ruwa. Ran nan randa ba ruwa, Gideon kuma yana cin abinci a bayan rumfa. Babaji ya girgiza gangar ya ji wayam, ya ce a ransa ko da saura, ai shi wuta ba ta cinsa. Gideon ya hango shi yana kai mata wuta, ya yar da kwano ya rugo yana kiran sunansa, isowarsa ke da wuya gangar ta tashi. Murfinta ya tsallake Babaji ya sami Gideon a fuska. Ya rasa idonsa na hagu, kunnen wannan ɓangaren ma bai ƙara ji ba.

Babaji kuwa ko gashin girarsa bai gama ƙonewa ba. Allah Sarki, abin da ya fi ci masa rai shi ne, da labari ya shiga unguwa, mutane yabonsa suka shiga yi. Mata na cewa kun ga gado, maza na zuwa zaure suna yi wa Malam Ado barka. Shi kuwa ya ƙi fita. Da mahaifinsa ya matsa masa, sai ya ce, "Baba, in gadon nan ni kaɗai yake tsarewa ya bar wanda ke kusa da ni, mi zan yi da shi?" An ce tsohon ya tashi ya sa riga, suka tafi asibiti tare.

A can, a gaban mahaifinsa da Naomi, ya ɗauki alkawarin da ya riƙe har ƙarshen ransa, cewa muddin yana numfashi, babu wanda zai sake rasa ido ko yatsa ko rai a aikin da yake da iko a kansa. Gideon, fuska a naɗe, ya ce masa alkawarin da nauyi, ya rage shi. Ya ce ba zai rage ba. Tun daga lokacin har Gideon ya koma Bukuru a shekara ta 1991, duk inda za su, Babaji a hagunsa yake tafiya, ɓangaren da ba ya gani.

Aure da iyali

A shekara ta 1978 ya auri Furera, ɗiyar wani mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har rasuwarsa. Mace ce mai baki, shi kuwa magana tsada gare shi, don haka gidan ya daidaita. Ita ce ta hana shi sa rigar leda wurin aiki, bayan ta ga yadda tartsatsi ke narkar da ita ta manne a fata. Ta riƙa ɗinka masa riguna na auduga mai kauri, da ya buɗe nasa wurin kuma ta riƙa ɗinka wa ma'aikatansa, tana yi tana mita wai ita ba ta san ta auri runduna ba. Allah Ya ba su 'ya'ya takwas, biyu suka koma tun suna ƙanana. Ya sauke farali a shekara ta 1998, ita kuma ya kai ta a 2004.

Filin gwangwan

Da aka ba Katsina jiha a shekara ta 1987, aka shiga gwanjon tsofaffin taraktoci da gireda da injinan ban ruwa da suka daɗe a yashe. A nan Babaji ya bar gyara ya koma yankan tsofaffin ƙarafa, abin da yanzu ake kira gwangwan. Ya sami fili a wajen gari, yana saye yana yankawa daidai yadda mota za ta ɗauka, a kai wa masu narkarwa a Kano da Kudu. Da Gideon zai tafi, shi ya bar wa tukwanensa da bakin wutarsa.

Wanda duk ya yi aiki a filin nan zai gaya maka ba a taɓa wuta a watannin farko. Sai ka iya rarrabe ƙarfe tukuna. Yana ba sabon shiga maganaɗisu ya ce ya bi tsibi, abin da ya kama gefe guda, abin da bai kama ba, irin su tagulla da alminiyam, gefe guda, domin su bakin wuta ba ya yanka su, narkar da su kawai yake yi ya ɓata. Ƙarfen zubi, irin na gangar inji, ya ce guduma ta fi gas saurin gamawa da shi. Ƙarfe mai fenti ko mai farin shafe kuwa, a tsaya ta inda iska ke fitowa, don hayaƙinsa ba ya kashe mutum ran nan, bashi yake ci a ƙirji.

Kafin a yanka kowane babban abu sai ya kewaye shi yana tambaya, "In ka raba shi, ina zai faɗi? Ina ƙafarka za ta kasance?" Ya ce ƙarfen da ke ɗauke da nauyi kamar jakin da aka ɗaure ne, ba ka san yana da harbi ba sai ka kwance shi. Don haka sifirin ɗin mota da shasin da ya lanƙwashe sai an tokare su an sauke musu nauyi. Taya mai iska a jikin ƙarfenta, da duk wani abu rufaffe wanda ba a ga cikinsa ba, ba a kai masa wuta. Silifas ba ya shiga filin, baƙin tabarau kuma ba a ɗaga shi sama don wai a ga layi da kyau. In an tashi, a rufe tukwane, a saki abin da ya rage a tiyo, a zagaya da bokiti a kashe duk inda ke hayaƙi. Murfin kwalbati da wayar lantarki da ƙarfen dogo kuwa, wanda ya kawo su ma ba ya samun wurin zama, domin galibi kayan sata ne.

Maganar tanki da ganga ita ce ba ya sassauci a kanta ko kaɗan. Yakan ce cikakken tanki ya fi wanda ba komai a ciki aminci, domin ba man ne ke fashewa ba, tururinsa ne, shi kuwa yana iya shekaru a maƙale a cikin tsatsa. Ya kori mutane a kan wannan, har da ɗan ƙanwar Furera, abin da ya jawo gaba a dangi ta kusan shekara. Abokan sana'a suna ce masa Alhaji Sai-an-zuba-ruwa, yana jin su, bai taɓa tankawa ba.

Shekarun tsufa

Wajen shekara ta 2015 idanunsa suka fara yin hazo, ga hawan jini. Babban ɗansa Salihu malamin makaranta ne, saboda haka ya miƙa filin ga na biyun, Abbas, wanda ya tashi a cikin aikin kuma ya fi uban saurin hannu. Abbas ya faɗaɗa harkar, ya shiga haɗa jari da dillalai, yana zuwa yanka har inda kayan suke. Alhaji ya koma zaman zaure da masallaci, amma kullum da safe in Abbas ya zo gaishe shi, bayan an gama tambayar kwana da iyali da gajiya, sai ya tambayi abin da za a yanka ran nan. Shi a ganinsa miƙa fili bai sauke masa alkawari ba.

Tankar hanyar Jibiya

A watan Mayu na shekara ta 2024, ana tsananin zafi, ruwan sama bai sauka ba, rijiyoyin gari duk sun ja baya, Abbas da wani dillali mai suna Alhaji Siddiq suka sayi tsohuwar tankar fetur da ta shekara huɗu a yashe a wani fili a hanyar Jibiya. Da Abbas ya faɗa wa mahaifinsa da safe, tsohon ya ce, "Wa zai kawo ruwa?" Abbas ya ce za a duba, ya yi sallama da sauri. Alhaji ya ɗan zauna, sannan ya ɗauki buzunsa da buta, ya ce wa Furera zai fita. Ta ce ina zuwa da rana haka, ya ce wurin aiki. Ya tari kurkura mai ƙafa uku ta kai shi.

Ya tarar an sauke tukwane, an ja layi da alli a cikin tankar. Ya yi sallama. Ya kama tsanin bayanta, mutum mai shekara saba'in da biyu wanda ba ya gani sosai, ya hau, ya lallaba har murfin tsakiya, ya shimfiɗa buzu ya zauna.

Abbas ya zo ƙasa ya tsaya. "Baba, don Allah ka sauko. Mutane na kallonmu."

"Su kalla. Kallo bai taɓa hidda ma kowa ido ba."

"Ɗaki uku gare ta, Baba. Na gaba da na baya duk na leƙa, ƙura ce da kashin ƙadangare."

"Na tsakiyar hwa?"

"Murfin ya cije. Ɗan rami kawai zan huda in duba."

"Da mi za ka huda?"

Alhaji Siddiq ya matso ya ce, "Haba Alhaji, da girmanka. Motar da za ta kwashi kayan nan tun jiya take jira, ruwa kuwa ko na sha wuya yake a garin nan. In Abbas ba zai yanka ba, ina da masu yanka."

"Kira su kau," in ji tsohon. "Su fara ta inda nike zaune."

Haka aka yi cirko-cirko har rana ta take. Ƙarfen ya yi zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. Aka miƙa masa laima, ya karɓa, aka ce ya sauko ya sha inuwa an yi masa alkawari ba za a kunna ba, ya ce ya san zuciyar mai jiran mota. Azahar ma a can sama ya yi alwala ya yi ta a zaune. Da aka idar, sai ga Abbas ya hau tsanin da sufana da gwangwanin baƙin mai. Uban ya gusa ya ba shi wuri. Tsohon ke ɗiga mai a kan notocin yana laluben su da yatsa, ɗan yana murɗawa, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙi a bar shi ya jiƙa a koma na gaba. Da murfin ya ɗaga, warin da ya fito sai da ya sa Abbas ya kau da kai yana tari.

Alhaji Siddiq da kansa ya shiga gari neman tankar ruwa, ba a samu ba sai bayan la'asar. Aka zura tiyo har ƙasan ɗakin, aka saki ruwa a hankali. Da ya kusa cika, wani jan mai ya taso a kansa ya malalo ta gefen tankar. Alhaji Babaji ya ce a bi shi da yashi, kowa ya kashe sigari, a cika sauran ɗakunan biyu ma, a bar ta ta kwana, in za a yanka kuma a riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan yana bin ƙasan layin. Da ya zo tashi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Abbas ne ya goya shi ya sauko da shi ta tsanin.

Jinya da rasuwa

Tun a hanya harshensa ya yi nauyi, aka wuce da shi asibiti, likitoci suka ce jininsa ya hau ƙwarai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Furera ta zauna a wurinsa, ba ta ce wa Abbas uffan ba, shi kuwa ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Bayan 'yan kwanaki bakin Alhaji ya ɗan saki. Abbas ya durƙusa a gefen gado ya fara neman gafara, tsohon ya katse shi.

"An yanka?"

"An yanka, Baba."

"Kowa lahiya?"

"Kowa lahiya."

"To, madalla."

Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan sai salati. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Litinin, 3 ga watan Yuni, 2024, a ƙarshen watan Zulƙida na shekarar 1445 bayan Hijira, yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa salla a ƙofar gidan mahaifinsa a Ƙofar Guga, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Ɗan Marna. Waɗanda suka yi ta karɓa-karɓar makararsa mutanen da suka koyi aiki a hannunsa ne, daga Katsina da Funtuwa da Daura da Maraɗi, wasu da furfura, wasu matasa, kowannensu da idonsa biyu da yatsunsa goma. Jonathan, ɗan marigayi Gideon, ya zo ta'aziyya daga Bukuru ya kwana uku a zauren.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Furera, da 'ya'ya shida: Malam Salihu, da Abbas, da Rashida, da Madina, da Hadiza, da autarsu Zainab, da jikoki masu yawa. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya tsare shi daga wutar da babu ɗan gado a gabanta. Amin.